In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Tarihin Fito da Ganga a Ayarin Fatake

  

Da kwamitin biki ya ce in rubuto wani abu na tarihi don wannan fitowa ta musamman, sai na ce zan yi magana a kan fito. Ɗaya daga cikin dattawanmu ya yi dariya, ya gargaɗe ni kada in tona asirin jama'a. To a kwantar da hankali. Ba fiton kaya ta bayan duwan nake nufi ba, ba kuma fiton kogi da kwalekwale ba. Fiton baki nake nufi, irin wanda ɗan barga ke yi wa doki ya ɗago kai ya taho, da sauran sautukan da kakanninmu suka riƙa sarrafa dabbobinsu da su.

Wani zai ce me ya haɗa ɗan kasuwa mai dogon baro da fiton doki? Amsar ita ce sana'ar da muke ci a yau gadon ayari ce, kuma ayari da kunne yake tafiya. Mutum dubu da dabba dubu sun yi wata biyu ko uku a daji, babu waya, babu guduro, sun kai kaya sun dawo da riba. Abin da ya riƙe su shi ne akwai sautin da kowa ya san ma'anarsa, mutum da dabba, kuma ba a yin wasa da shi. Wannan tarihin nake so mu waiwaya, don akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Doki da kunnensa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da doki ya ga yadda kunnuwansa ba su zama wuri ɗaya. Kowanne yana juyawa shi kaɗai, ɗaya gaba ɗaya baya, har ya ji abin da ke bayansa ba tare da ya waiwaya ba. Yana kuma kama siririn sautin da kunnen mutum ba ya ji. Allah ya halicce shi dabbar da ke tsira da gudu, saboda haka motsi kaɗan cikin ciyawa ya isa ya zabura. Wannan kunne shi ne abin da ke sa doki wuyar sha'ani, shi ne kuma ƙofar da masu horo ke shiga ta cikinta.

Hanyar da ƴan barga ke bi ba ta da wani asiri, haƙuri kawai take so. Tun yana duƙushi a turke, duk lokacin da za a kawo masa dusa ko gero ko harawa, mai kawowa yana yin fito iri ɗaya kafin ya ajiye. Yau haka, gobe haka. Bayan ƴan kwanaki, da ya ji fiton zai ɗago kai ya yi haniniya tun bai ga ƙwarya ba. Daga nan sai a kwance shi a cikin gida, a yi fiton daga nesa kaɗan, in ya taho a ba shi abinsa nan take. A hankali a ƙara nisa. In abin ya zauna masa, ba kullum sai da hatsi ba, wani lokaci ɗan guntun kanwa ko shafa wuya ya wadatar. Akwai ma ƴan bargar da ke da fito na daban, mai laushi, da suke yi wa doki a bakin ruwa don ya kwantar da hankali ya sha.

Haka abin yake a kan sirdi. Mahayin kirki yana fara yin sautin, sannan ya taɓa linzami ko ya matsa da diddige, kuma da dokin ya yi abin da ake so sai ya saki. Ƙyasta harshe don tafiya, doguwar murya a ƙasa-ƙasa don tsayawa. Da yake sautin ne ke zuwa kafin matsi, doki yana gane cewa in ya bi sautin ya huta da matsin. Wannan yana da muhimmanci a ƙasarmu, domin linzamin gargajiya mai zobe yana da tsanani, in hannu ya yi nauyi yana fasa baki. Dokin da ke jin murya bakinsa na zama lafiya, kuma dillalan dawaki sun san abin da suke dubawa in sun buɗe bakin doki a kasuwa.

In aka tattara abin da masu horo ke kiyayewa, ƙa'idoji uku ne. Na ɗaya, sauti ɗaya ma'ana ɗaya, kada fiton kiran abinci ya zama shi ne na kora. Na biyu, lada ya biyo baya nan take, don doki ba ya haɗa abin da ya yi da safe da abin da aka ba shi da yamma. Na uku, ba a kiran doki don a doke shi. Wanda ya yi fito, doki ya zo, ya sa masa bulala saboda wani laifin da ya wuce, ya koya masa cewa amsa kira hatsari ne, gobe kuwa sai ya bi shi da igiya.

Wannan sani tsoho ne ƙwarai, kuma ba mu kaɗai muke da shi ba. Wani Bagirke mai suna Zinofon, wanda ya yi aikin sojan doki fiye da shekara 2300 da suka wuce, ya rubuta littafi kan hawan doki. A ciki ya nuna cewa mutanensa na da sautin leɓe da ke kwantar da doki da sautin harshe da ke zuga shi, amma ya ce duk koyo ne: da tun farko an juya su, da dokin ya koyi akasin haka. Ya kuma shawarci mahayi kada ya nuna firgici in an yi ihu ko an busa ƙahon yaƙi, don tsoron mahayi yana sauka kan doki. Ke nan ma'anar sauti ba a cikin sautin take ba, tana cikin alkawarin da aka riƙe tsakanin mai kira da wanda ake kira.

Dokin fada da ƙarar bindiga

A ƙasar Hausa da Barno doki dukiya ce ta sarauta da yaƙi. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta a farkon ƙarni na 16 cewa Sarkin Barno yana ba fataken arewa bayi 15 zuwa 20 a kan doki ɗaya. Abin baƙin ciki ne a ce an taɓa auna ɗan Adam da dabba, amma haka tarihin yake, kuma yana nuna mana irin tsadar doki a wancan zamani. Abin da aka saya da tsada haka ba a barinsa ba horo.

Tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci ya ce Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, shi ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Ya kuma ce Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara kakaki da dawakin zage, shi ne kuma ya kafa kasuwar Kurmi. Ku duba yadda abubuwan suka zo tare: kasuwa, doki da busa. Daga nan fada ta zama wuri mai harshenta na sauti. Kakaki na sarki ne shi kaɗai. Tambari yana da lokutan da ake buga shi. Algaita, farai, kuge da ganguna kowanne da abin da yake sanarwa. Mahayin da ke can ƙarshen runduna ba ya jin muryar sarki ko ta madawaki, amma yana jin tambari.

Dokin fada kuwa darasi biyu yake koya, kuma na biyun ya fi wuya. Na farko shi ne ya amsa sautin mahayinsa. Na biyu shi ne ya yi biris da duk wani sautin da ba nasa ba. Dabbar da motsin ciyawa ke zaburarwa, ita ake so ta tsaya cak a gaban kakaki da guɗa da hayaniyar dubban mutane. Ana kai wa ga haka ne da sabo a hankali: a riƙa fita da shi ƙilisa ana ratsa wurin makaɗa daga nesa, a haɗa shi da tsohon dokin da ya riga ya saba, a riƙa matsowa kusa har ƙarar ta zama ba komai ba a wurinsa.

A nan Damagaram wannan darasi ya ƙara nauyi a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Shi ya ƙarfafa ganuwar birni, ya tara bindigogi ta hanyar cinikin Tarabulus, har aka riƙa ƙera igwa a cikin gari. Rundunar da ta haɗa dawaki da ƴan bindiga ba ta yiwuwa sai dawakin sun saba da ƙarar albarushi, in ba haka ba harbin farko zai watsa mutanenka kafin ya taɓa abokin gaba. Ragowar wannan horo muke gani a hawan salla har yau. Ƴan bindiga su saki wuta, hayaƙi ya tashi, yara su toshe kunne, amma doki na tafe da takama. Mahaya su zo a sukwane su yi zamiya a gaban sarki su kai jafi. Mai kallo yana ganin ado, mai barga kuwa yana ganin watannin da aka yi ana aikin kunne.

Ayarin Gwanja

Abin da fada ta yi da tambari, fatake sun yi shi da gangar madugu. Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja tun zamanin Abdullahi Burja a ƙarni na 15. Amma cinikin goro ya fi bunƙasa a ƙarni na 19, lokacin da Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe shi. Ana tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da kanwa, tufafi, fatu, gabu da dabbobi, a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu ko ta Gurma, a bi ta Jugu ko Sansanen Mango da Yandi, a sauka Salaga cikin Gana ta yau. Zuwa kaɗai wata biyu ne zuwa uku. A dawo da goro a naɗe cikin ganyen fita, ana buɗewa a kan hanya ana yayyafa ruwa ana tsince ruɓaɓɓe. Kaya ne da ba ya son jinkiri, kowane kwana ɗaya da aka ɓata asara ce.

Girman ayarin nan ba tatsuniya ba ne. Baturen Ingila Clapperton ya gamu da ɗaya a Kayama ta ƙasar Bargu a 1826, yana komawa Kano daga Gwanja da Ashanti, ya ce mutanen sun haura 1000, maza da mata, da dabbobin kaya kusan yawan haka: jakuna, alfadarai da takarkarai. Ku kwatanta wannan taro a kan turbar da ba ta ɗaukar dabba biyu a jere. Na gaba ya sauka zango, na baya bai ko hango garin ba.

Saboda haka ayari ke da tsarin mulki. Madugu uban tafiya, shi ke da magana ta ƙarshe, shi ke zama da sarakunan hanya a kan fito da garama da gaisuwa. Jagaba yana gaba da ƴan rakiyarsa, yana duba hanya da ruwa da wurin sauka. Uban dawaki yana riƙe baya, yana tattara waɗanda suka gaji da dabbar da ta yi ɗingishi, don ƴan fashi daga baya suke tsinta. Akwai malamin ayari mai rubutu da addu'a da duban ranar tashi. Akwai kuma mai gangar madugu. Wannan ba maroƙi ba ne da aka ɗauko don nishaɗi kawai, shi ne bakin madugu. Da kiɗansa ake sanar da tashi da asuba, da ɗaura kaya, da sauka, da shirin kare kai in an hango abin tsoro.

Dawaki a ayari kashi biyu ne. Akwai na hawa, na madugu da manyan fatake da masu gadi, waɗanda ke kai da kawowa tsakanin gaba da baya. Akwai kuma na sayarwa, don sarakunan kudu kullum suna neman doki. Ƙudan tsando da cutar sammore ba su barin doki ya daɗe a ƙasashen kurmi, saboda haka kasuwar ba ta ƙoshi. Dukansu biyu suna bukatar kunne mai horo. Dokin da ya tsinke dabaibayi da dare a dajin Bargu, in ba ya amsa fito, ya tafi ke nan, domin ba wanda zai bar zango ya bi shi cikin duhu. A bakin kogi kuwa, inda ake sa mutane da kaya a kwalekwale dabbobi su bi da iyo, muryar da dabba ta sani ita ke hana ta juyawa a tsakiyar ruwa. Ga fiton baki yana taimakon fiton kogi.

Kada mu manta da jaki, wanda shi ne ainihin motar ayari. Mutum ɗaya yana kora jakuna da yawa, ba linzami, ba akala, sai sanda da murya. Jakin da ya yi tafiyar Gwanja sau biyu ko uku ya san sautin tsayawa da na kaucewa, ya san in an fara kiɗan asuba akumari da mangala na tafe. Sababbin jakuna kuma bin tsofaffi suke yi. Da haka horon ke wucewa daga dabba zuwa dabba, kamar yadda yake wucewa daga farke zuwa yaronsa.

Ayarin gishiri

In muka juya arewa, hanyar da ta fi kusa da mu, sai mu tarar da ayarin gishiri na Abzinawa. Da kaka ake tashi daga Abzin da gero da kayan kudu, a ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, a ɗauko kantun gishiri da dabino, sannan a gangaro da su Damargu, Damagaram da Kano cikin rani. Su ma jagoransu madugu suke ce masa. Bajamushen nan Barth, wanda aka sani a ƙasar nan da suna Abdulkarim, ya biyo irin wannan ayari daga Abzin a ƙarshen 1850, shi ya wuce Kano, abokin tafiyarsa Richardson ya sauka Zinder a farkon 1851. A labarin tafiyarsa ya ambaci masu ganga na cikin ayarin, da yadda suke gasa da juna da dare a masauki.

Raƙumi ya fi doki tsawo da ƙarfi da taurin kai, kuma ba a ɗora masa kaya sai ya durƙusa. Babu mutumin da zai durƙusar da amale da ƙarfin hannu. Da sauti ake yi, wani dogon huci ta tsakanin haƙora haɗe da jan akala ƙasa, kuma tun yana ƙarami ake koya masa. Ku je kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko kasuwar dabbobi ta nan gida, za ku ga yaro ɗan shekara goma ya durƙusar da abin da ya ninka shi sau da yawa, da bakinsa kawai.

Larabawa ma sun daɗe da sanin cewa raƙumi na jin murya. Suna da waƙar kora raƙuma da ke sa su ƙara sauri da daidaita taku. Ya zo a hadisin Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) yana da mai kora raƙuma mai daɗin murya, sunansa Anjasha, kuma a wata tafiya ya umarce shi da ya sassauta saboda matan da ke kan raƙuman. Akwai darasi a nan ga duk mai riƙe da ganga ko murya: ikon zuga tafiya amana ce, kuma mai rauni a cikin ayari ake dubawa kafin a ƙara sauri.

In wani ya kama kiranka

Duk abin da ke tafiya da sauti yana da wurin da ake cutarsa. Girkawan dā suna da labarin wani birni mai arziki, Sibaris, a kudancin Italiya ta yau. Suka ce mutanen birnin sun koya wa dawakinsu rawa da busar sarewa don burge baƙi a wurin biki. Da yaƙi ya haɗa su da maƙwabtansu na Kuroton, sai maƙwabtan suka zo da masu busa suka saki wannan sautin a fagen fama. Dawaki suka kama rawa da mahaya a kansu, aka ci su da yaƙi. Labari ne na mutanen dā, amma abin da yake nunawa gaskiya ne: wanda ya san kiranka, in ba ka iya bambance muryarsa da ta mai gidanka, zai kai ka inda yake so.

Shi ya sa a ayari ganga ɗaya ce ke da hukunci, kuma a hannun mutumin madugu take. Ba kowane farke ke da ikon ta da zango don ya ji motsi a daji ba. Jagaba ya gani, ya aiko, madugu ya yanke, sannan ganga ta yi magana. Da an bar kowa ya buga gangar hatsari, da firgici kaɗai ya ishe su asara: jakuna su watse, huhunan goro su zube, ɓarayi su tsinci na tsinta ba tare da sun zare takobi ba.

Yadda ganga ta yi shiru

Abubuwa da dama suka taru suka kwantar da ayari. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi, hanyar goro ta kauce wa Salaga, yaƙin basasa na 1892 kuma ya ƙarasa watsa kasuwar. Faransawa suka shiga Zinder a 1899, Ingilishi suka ci Kano a 1903. Yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906 suka ja layi tsakanin garuruwan da jiya kasuwarsu ɗaya, aka bi aka kafa alamun iyaka daga 1906 zuwa 1908. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Fatake masu hangen nesa irin su Alhassan Dantata suka koma kai goro ta teku zuwa Ikko, daga nan jirgin ƙasa ya hauro da shi. Tafiyar wata uku ta koma ta kwanaki.

Dabbobi ba su bar hanya nan da nan ba. Shekaru da yawa jakuna da raƙuma ne ke kai gyaɗar Magarya da Matamai zuwa Kano. Amma mota ta yi ta cin hanya sannu a hankali, farin 1973 da na 1984 kuma suka hallaka dabbobi masu yawa. A wannan shekara ta 1973 ne wata babbar mota ta buge bishiyar Tenere, wadda ayarin gishiri suka yi ƙarnuka suna gane hanya da ita. Gangar jikinta na gidan tarihi na Yamai.

Sai dai aikin kunne bai mutu ba, ya sauya riga ne. Karen mota da ke buga jikin mota sau ɗaya don tsayawa, sau biyu don tafiya, ko ya yi fito yana ba direba hannu a baya, aikin mai ganga yake yi. Direbobin da ke gaisawa ko gargaɗin juna da oda da fitila, harshen ayari suke yi. Mai amalanken da ke shigo da buhunan wake tasha, har yau da murya yake juya shanunsa.

Gangarmu ta yau

Yau gangar madugu ta koma cikin aljihun kowa. Alheri ne babba: farashin Dawanau na iso mu kafin mota ta gama lodi, wanda ya lalace a hanya yana samun agaji cikin awa ɗaya. Amma kowa ya zama mai ganga, kuma nan matsalar take.

Mun ga rufe iyaka na gaske. Najeriya ta rufe daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya sake rufe ta har Maris 2024. Kowa a cikinmu ya san wanda jarinsa ya karye a waɗannan watanni. Saboda wannan tabo, kunnenmu ya zama irin na duƙushi, motsi kaɗan mu zabura. A teburin sakatariya na ga abin da hakan ke jawowa. Wani dare saƙon murya ya zagaya WhatsApp, ba suna, ba wuri, cewa gobe za a rufe. Wayar biro ba ta huta ba har asuba. Kafin a tabbatar ƙarya ce, wani ɗan uwanmu ya sauke wakensa ya sayar a faɗuwa, wanda ya saya kuwa ya ƙetara da shi lafiya washegari. An busa mana sarewa, mun yi rawa. Abin da ya fi wannan muni shi ne, in ƙarya ta yi yawa, ranar da gargaɗin gaskiya ya zo wasu za su ce irin na kullum ne, su shiga da kaya.

Allah ya karrama ɗan Adam, ba ina kwatanta kowa da dabba ba ne. Amma ƙa'idojin nan uku na barga sun dace da kowace tafiyar jama'a, kuma ina roƙon shugabanni su dube su.

Sauti ɗaya ma'ana ɗaya. A ware zaure ɗaya na sanarwar hanya, wanda ba a sa gaisuwar Juma'a ko katin biki ko talla a cikinsa, kuma mutane ƙalilan da aka sani ne kaɗai ke rubutu. Kowace sanarwa ta zo da wanda ya gani da idonsa, da wurin, da lokacin. Wakilanmu na bakin iyaka su ne jagabanmu, a jira su.

Lada nan take. Wanda ya kawo kuka, an tsare masa kaya ko an karɓe masa abin da ba ya cikin doka, ya ga motsin ƙungiya a ranar. In sai bayan wata guda aka waiwaye shi, ba zai haɗa kuɗin da yake zubawa da amfanin da ya samu ba.

Kada a kira mutum don a doke shi. In ba a kiran taro sai za a karɓi kuɗi ko za a ci tara, kada a yi mamaki in kujeru sun zama wayam. A riƙa kiran jama'a don a ba su labari mai amfani, a ji ta bakinsu, a kuma karanta musu lissafin asusu. A tuna da aikin uban dawaki, wato masu ƙaramin jari da mata masu ƙananan kaya, waɗanda su ake fara tsinta a hanya.

Roƙo na ƙarshe ga matasanmu. Har yanzu akwai tsofaffin da suka kora jakuna zuwa Kano da ƙafa, akwai ƴan bargar fada da suka gaji horo daga iyayensu, akwai Buzayen da suka ratsa Tenere. Sautukan da suke yi ba su rubutuwa a takarda, na gwada na kasa. Amma wayar da ke yaɗa ji-ta-ji-ta tana iya naɗar murya. Wanda ke da irin wannan tsoho a gida ya zauna da shi, ya naɗi fitonsa da kiransa da labarin zangunan da ya sauka, ya kawo sakatariya mu adana. Kunne ya girmi kaka, amma sai in an ba shi abin da zai ji.

Allah ya jiƙan madugai da fataken da suka share mana hanya. Allah ya ƙara wa shugabanninmu basira da riƙon amana, ya tsare direbobinmu da yaransu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya sa albarka a cikin nemanmu. Amin.